Katifa da Ciwon Kwankwaso: Tambayoyi da Amsoshi Kafin a Saya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, wanda aka fi sani da ciwon kwankwaso, kuma ana hasashen za su kai miliyan 843 zuwa shekarar 2050. A duk duniya babu lalurar da ta kai shi hana mutane aiki da walwala. Duk wanda ciwon ya kama yakan fara zargin wurin kwanciyarsa, kuma yana da hujja, tunda kusan sulusin rayuwar ɗan Adam a kan shimfiɗa take ƙarewa. Abin takaicin shi ne, shawarar da aka fi saurin ba shi, wato ya nemi katifa mafi tauri, ta sa mutane da yawa sun kashe kuɗi sun sayo wa kansu ƙarin wahala.

Da gaske katifa tana jawo ciwon baya, ko dai zargi ne kawai?

Tana iya tsananta shi, tana kuma iya sassauta shi, amma da wuya a ce ita kaɗai ta haifar da shi. A cikin mutum 10 masu ciwon kwankwaso, kusan 9 likita ba ya iya nuna wata cuta guda ya ce ga ta. Abubuwa ne ke taruwa: dogon zama, ɗaukar kaya masu nauyi, ƙiba, raunin tsoka, shan taba, damuwa, ƙarancin barci. Katifa ɗaya ce a cikinsu, sai dai ita ce wadda jiki ke miƙa mata wuya awa 7 ko 8 a jere kowane dare.

Ƙashin bayan mutum ba miƙaƙƙe ba ne. Idan an dube shi ta gefe, a wuya ya ɗan shiga ciki, a tsakiyar baya ya fito waje, a kwankwaso kuma, inda manyan gaɓoɓi 5 suke, ya sake shiga ciki. Da rana tsokoki ne ke riƙe da wannan tsari. Da barci ya yi nauyi sai su saki, aikin ya koma kan abin da aka kwanta a kai. Idan katifar ta bar mazaunai suka nutse fiye da kima, kwankwaso a karkace zai kwana. Idan kuma ta yi taurin da kafaɗa da kwatangwalo ba za su iya shiga ba, sai ƙugu ya kwana a rataye, babu abin da ke tallafe da shi, mutum ya yi ta juyi yana neman inda zai ji daɗi. Daga nan barci ya lalace, kuma an tabbatar cewa wanda bai sami isasshen barci ba ya fi jin zafin ciwo washegari. Ciwo ya hana barci, rashin barci ya ƙara ciwo.

Ta yaya zan gane cewa katifata ce mai laifin?

Lura da lokacin da ciwon ya fi damun ka. Idan ka kwanta lafiya lau ka tashi baya a sage, sannan ya sake ka bayan ka ɗan zagaya na minti 15 zuwa 30, akwai alamar tambaya a kan katifar. Haka nan idan ka lura ka fi tashi garau duk sanda ka kwana a wani gadon da ba naka ba, ko kuma kana jin jikinka yana gangarawa tsakiyar gado cikin dare.

Akwai gwaji mai sauƙi. Cire zanin gado, ka ɗora miƙaƙƙiyar sanda a kan katifar daga gefe zuwa gefe, ko ka ja zare ka ɗame shi, sannan ka auna zurfin da ke ƙarƙashinsa a daidai inda mazaunanka ke sauka. Idan lotsawar ta kai santimita 3 zuwa 4 ba kowa a kai, katifar ta gaji.

Amma ba kowace sagewar safiya ce laifin katifa ba. Tsakanin kowace gaɓar baya da 'yar'uwarta akwai faifan guringuntsi mai ruwa a ciki. Da rana nauyin jiki yana matse ruwan, da dare faifan ya sake tsotsar sa ya cika. Shi ya sa mutum ya fi tsawo da santimita 1 zuwa 2 da safe fiye da yamma, kuma shi ya sa bayan kowa yakan ɗan ƙi lanƙwasuwa a farkon tashi daga barci.

An ce mai ciwon baya ya kwana a kan katifa mai tauri sosai. Haka ne?

Wannan ita ce maganar da ta fi yaɗuwa, har likitoci sun daɗe suna faɗar ta, amma da aka gwada ta ba ta tabbata ba.

A shekarar 2003 mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa binciken da Dakta Francisco Kovacs da abokan aikinsa suka yi a ƙasar Sifaniya. Sun ɗauki mutum 313 da suka daɗe da ciwon kwankwaso, aka ba wasu sabuwar katifa mai tauri, wasu kuma mai matsakaicin tauri, ba tare da an gaya wa kowa irin wadda ya samu ba. Bayan kwana 90, masu kwana a kan matsakaiciyar sun fi samun sauƙin ciwo a kwance, sun fi samun sauƙi lokacin tashi daga gado, sun kuma fi iya gudanar da harkokinsu na yau da kullum. A 2008 aka wallafa wani binciken daga Denmak, inda aka raba mutum 160 tsakanin gadon ruwa, katifar soso mai bin siffar jiki, da katifa mai tauri ƙwarai. Bayan wata guda mai taurin ce ta zo ƙarshe. Ratar ba ta da yawa, amma ta isa ta nuna cewa tauri ba magani ba ne.

To daga ina maganar ta samo asali? A ganina daga gaskiya ta fara, aka yi mata mummunar fahimta. Mutumin da ke kwana a kan katifar da ta lotsa, idan ya koma kan shimfiɗa mai tauri, tabbas zai ji sauƙi. Sai a ce taurin ne ya yi aiki, alhali abin da ya taimake shi shi ne ya fita daga rami ya koma wuri mai daidaito. Bayan mutum yana buƙatar abu biyu a lokaci guda: cikin katifa ya zama mai ƙarfi don kada ƙugu ya nutse, samanta kuma ya zama mai ɗan taushi don kafaɗa da kwatangwalo su sami wurin shiga. Mai tauri sosai ta cika na farko ta kasa na biyu. Mai laushi sosai ta cika na biyu ta kasa na farko.

Mene ne matsakaicin tauri? Akwai lambar da zan nema?

Kamfanoni da yawa suna rubuta lamba daga 1 zuwa 10, inda 10 ce mafi tauri, matsakaiciya kuma takan faɗa wajajen 6 ko 7. Sai dai ba ma'auni ɗaya suke bi ba. Lamba 6 ta wannan kamfani tana iya zama 8 ta wancan. A binciken Sifaniya ma ma'aunin Turai aka bi, wanda yake a juye: 1 ce mafi tauri, 10 mafi laushi, mai taurin tana 2.3, matsakaiciyar tana 5.6. Don haka lamba jagora ce kawai.

Nauyin mai kwanciya ma yana canza lissafi. Katifar da mai kilo 55 zai ce ta yi masa tauri, mai kilo 110 zai ce ta yi laushi, kuma duka gaskiya suka faɗa. Wanda bai kai kilo 60 ba ya fi dacewa da wadda ta ɗan karkata zuwa taushi, domin nauyinsa bai isa ya danna mai tauri ba. Wanda ya haura kilo 100 yana buƙatar mai ƙarfi da kauri, don kada ya nutse har ya tarar da katakon gado.

Yadda nake kwanciya yana da tasiri a zaɓin?

Sosai ma. Mai kwana a gefe nauyinsa duka a kan kafaɗa da kwatangwalo yake, don haka yana buƙatar saman katifa mai taushi. Idan ta yi masa tauri zai riƙa tashi hannu a mace, kwatangwalo yana zugi. Mai kwana rigingine nauyinsa a baje yake, matsakaiciyar katifa ta ishe shi, muddin ta cike gibin da ke ƙarƙashin ƙugu. Mai kwana rub da ciki shi ya fi buƙatar tauri, saboda idan cikinsa da ƙugunsa suka nutse, lanƙwasar kwankwaso takan ƙaru, ga wuya a murɗe dare guda. Wannan kwanciyar ce ta fi wahalar da mai ciwon baya, kuma da za a iya barin ta da ya fi. Wanda ya kasa bari ya sa siririn filo a ƙarƙashin mararsa, na kai kuma ya zama marar tudu.

Soso, sifirin, roba: wacce ta fi?

Babu wani nau'i da ya fi sauran ga kowa da kowa. Yadda aka ƙera katifar ya fi sunan abin da aka yi ta da shi muhimmanci. Amma kowanne yana da halinsa.

Katifar soso ta yau da kullum ita ce ta fi yawa. Mai kyau a cikinta tana tallafar baya yadda ya kamata, marar kyau kuma takan lotsa tun ba a je ko'ina ba.

Akwai soso mai bin siffar jiki, wanda 'yan kasuwa ke kira memori. An ƙirƙiro shi ne a 1966 ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, don kujerun jirgin sama. Ɗumin jiki ne ke sa shi laushi, ya rungumi kafaɗa da ƙugu, kuma a wajen rage dannuwar gaɓoɓi yana da kyau ƙwarai. Aibinsa biyu: yana riƙe zafi, kuma ba ya saurin dawowa daidai idan an motsa. Na biyun ba ƙaramin abu ba ne ga mai ciwon baya. Mutum yana juyawa sau da yawa cikin dare, kuma idan kowane juyi sai ya yi kokawar fitowa daga gurbin da jikinsa ya yi, ciwon zai riƙa tada shi. A ɗaki mai sanyi kuma yakan yi tauri kafin jiki ya ɗumama shi.

Katifar lateks daga ruwan bishiyar roba ake yin ta, kodayake akwai ta haɗin masana'anta. Kamfanin Dunlop ne ya fara yin irin wannan soso a Ingila a 1929. Tana bin siffar jiki amma tana dawowa nan take, juyi yana da sauƙi a kanta, kuma tana cikin masu daɗewa. Tana da nauyi da tsada, sannan wanda jikinsa ba ya shiri da roba ya tuntuɓi likita kafin ya saya.

Mai sifirin, wato mai naɗaɗɗun ƙarafa a ciki, iri biyu ce. A tsohon samfuri ƙarafan a haɗe suke da waya, idan an danna ɗaya sai na kusa su bi shi. A ɗaya samfurin kowane sifirin yana cikin jakarsa ta yadi, yana aiki shi kaɗai, dabarar da James Marshall ya fito da ita a Kanada wajajen 1900. Wannan na biyun ya fi bin lanƙwasar jiki. Katifun sifirin sun fi na soso barin iska ta ratsa, abin da mai yawan gumi zai yaba. Yanzu kuma ana haɗa biyun, sifirin a ƙasa, soso ko lateks a sama, kuma wannan tsari ya yi daidai da abin da baya ke so: ƙarfi a ciki, taushi a sama.

Sai katifa mai ɗakunan iska a ciki, wadda mai ita ke ƙara mata tauri ko ya rage da kansa. Wani nazari da aka wallafa a 2015, wanda ya tattara binciken da aka yi a baya, ya nuna cewa matsakaiciyar katifa da mutum ke iya daidaita wa kansa ita ta fi taimakawa. Kada a haɗa ta da katifar roba da ake hura wa baƙo na kwana ɗaya. Waccan ba ta kwanan yau da gobe ba ce.

Mai sayarwa yana ta maganar nauyin soso. Shi ne taurin?

A'a, kuma nan ne ake yawan ruɗar mai saye. Nauyin soso yana nufin kilo nawa dunƙulen soso mai mita ɗaya a tsawo, faɗi da tsayi zai yi a kan sikeli. Shi yake nuna ƙarkon katifa, ba taurinta ba. Ana iya samun soso mai nauyi kuma mai laushi, ana iya samun marar nauyi mai tauri, wanda bayan 'yan watanni zai saki. A soso na yau da kullum, nemi wanda ya kai kilo 30 ko kusa da haka. A na memori, kilo 50 zuwa sama. Wasu masana'antu suna cuɗa garin alli a cikin soso don ya ƙara nauyi, irin wannan kuwa yakan yi saurin marmashewa. Idan mai sayarwa ya kasa gaya maka abin da ke cikin katifar hawa-hawa, ka yi hattara.

Na ga an rubuta wa wata katifa "otofidik". Ita ce ta masu ciwon baya?

Sunan kasuwa ne. Babu wani ma'aunin likitanci da dole katifa ta cika kafin a liƙa mata shi, kuma sau da yawa abin da ake nufi kawai shi ne tana da tauri. A cikinsu akwai masu kyau, akwai marasa kyau. Gwada ta kamar yadda za ka gwada kowace.

Yaya ake gwada katifa kafin a biya kuɗi?

Danna ta da hannu ko zama a bakinta ba ya gaya maka komai game da yadda za ta riƙe bayanka. Ka cire takalmi ka kwanta, a yadda ka saba kwana, na aƙalla minti 10 zuwa 15. Mutane da yawa kunya ke hana su, amma wanda zai kwana a kan abu shekara da shekaru ya cancanci rubu'in awa na gwaji.

Idan kana rigingine, zura tafin hannu a ƙarƙashin ƙugunka. Ya shige ba tare da ya taɓa komai ba, katifar ta yi maka tauri. Ya ƙi shiga sam kuma kana jin mazaunanka sun fi ƙirjinka nutsewa, ta yi laushi. Wadda ta dace ita ce hannun zai shiga da ɗan matsi. Idan kana gefe, sa wanda ya raka ka ya tsaya a bayanka ya duba: daga tsakiyar wuya zuwa ƙarshen ƙashin baya ya kamata layin ya miƙe, kada ya lanƙwasa sama ko ƙasa. Sannan ka juya dama da hagu ka ji ko sai ka yi yunƙuri. Daga ƙarshe ka zauna a baki ka miƙe tsaye. Gefen da ke rushewa yana wahalar da mai ciwo, musamman dattijo. Tsayin gadon ma a duba: idan ka zauna, tafin ƙafa ya taɓa ƙasa, gwiwa ta yi kusan daidai da ƙugu.

Kafin ka biya, tambayi sharuɗɗan mayarwa. Wasu kamfanoni, musamman masu sayarwa ta intanet, suna ba da dare 100 na gwaji. Karanta takardar garanti ka ga zurfin lotsawar da suke amincewa da ita, da abin da ke soke garantin, domin tabo ko gadon da bai dace ba yakan soke shi.

Na sayi sabuwa, amma bayana ya ƙara ciwo. Na yi asara ke nan?

Kada ka yanke hukunci a makon farko. Jiki ya saba da karkatar tsohuwar, sabon soso kuma yakan ɗan saki bayan an kwana a kansa. Ba ta mako 3 zuwa 4. Idan ya wuce haka ciwon yana ƙaruwa, ba taka ba ce, ka mayar tun wa'adi bai cika ba.

Ni da maigidana nauyinmu ba ɗaya ba ne. Wa za a bi?

Idan maigida ya fi ki nauyi sosai, a katifa mai laushi ko mai haɗaɗɗen sifirin za ki riƙa gangarawa wajensa, ki kwana kina tokarewa ba ki sani ba. Mai sifirin ɗai-ɗai, lateks ko memori sun fi hana motsin ɗaya isa ga ɗaya. A zaɓi ƙarfin cikin katifa bisa mai nauyin, sannan a ƙara wa marar nauyin shimfiɗa mai taushi a ɓangarensa. Akwai kuma masu haɗa ƙananan katifu biyu masu kauri ɗaya a kan gado guda, kowa da irin taurinsa. Ku je gwajin tare, ku kwanta a lokaci ɗaya.

Ba ni da halin sayen sabuwa yanzu. Akwai dabara?

Akwai, amma ta dogara da abin da ke damun katifar. Idan tauri ta yi alhali ba ta lotsa ba, shimfiɗar soso ko lateks mai kaurin santimita 5 zuwa 8 a samanta takan gyara ta sarai. Idan lotsawa ta yi, wannan shimfiɗar kamar ɗora darduma ce a kan rami: ramin yana nan.

A nan sai a duba ƙarƙashi. Sau da yawa ba katifar ce ta gaza ba, gadon ne: katako ya karye, ko ya lanƙwashe, ko ratar da ke tsakanin katakan ta yi faɗi har soso yana faɗawa ciki. Kada ratar ta wuce santimita 7. Babban gado yana buƙatar ƙafa a tsakiya. Falankin katako a ƙarƙashin katifa yana rage lotsawar da gado ya jawo, sai dai ba ya farfaɗo da soson da ya mutu. Juya kan katifa zuwa ƙafa duk wata 3 zuwa 6 yana raba gajiyar. Kifa ta kuwa sai idan fuska biyu gare ta, domin yawancin na zamani fuska ɗaya aka yi musu.

Kwana a ƙasa fa?

Akwai masu jin daɗinsa, musamman masu kwana rigingine da waɗanda suka gudo daga katifar da ta lotsa. Mai kwana a gefe yakan sha wuya a kafaɗa da kwatangwalo. Ga dattawa da masu ciwon gwiwa, sauka da tashin ma wata wahalar ce. Idan katifa za a ajiye a ƙasa, a riƙa jingine ta tana shan iska, don damshi yana taruwa a ƙarƙashinta.

Filo yana da ruwa da ciwon kwankwaso?

Yana da shi, kuma shi ne gyara mafi araha. Mai kwana a gefe ya sa filo tsakanin gwiwoyinsa, don kada ƙafar sama ta faɗo gaba ta murɗa ƙugu. Mai kwana rigingine ya sa a ƙarƙashin gwiwoyi, kwankwaso zai saki ya kwanta. Na kai kuma ya cike tsakanin wuya da katifa ba tare da ya ɗaga kai sama ba. Duk wanda ya sauya katifa ya sake duba filonsa, saboda kafaɗa ta fi nutsewa a mai taushi, filon da ya dace da tsohuwar sai ya yi wa sabuwar tudu.

Ina da juna biyu, bayana yana ciwo. In sauya katifa?

Allah ya raba lafiya. Ciwon baya a wannan lokaci yawanci daga nauyin da ya koma gaba yake, da sakin jijiyoyin ƙugu da jiki ke yi don shirin haihuwa. Idan katifarki ba ta lotsa ba, ba sai kin sauya ba. Ki kwanta a gefe, filo ɗaya tsakanin gwiwoyi, ɗaya a ƙarƙashin ciki. Daga mako na 28 ana ba mai ciki shawarar ta riƙa fara barci a gefe, ba rigingine ba. Idan ciwon yana zuwa yana tafiya kamar naƙuda, ko ya zo da jini ko zazzaɓi, ki tafi asibiti nan da nan.

Ciwon nawa yana sauka har ƙafa. Akwai katifa ta musamman?

Ciwon da ke bin mazaunai ya gangara bayan cinya yawanci daga jijiyar da aka danne a kwankwaso yake, ko faifan guringuntsi ya turo, ko hanyar jijiyar ta tsuke. Katifa ba ta cire dannuwar. Abin da za ta yi shi ne ta bar ka ka sami kwanciyar da jijiyar za ta huta. Masu tsukewar hanya, wadda ta fi kama manya, sukan ji sauƙi idan suka kwanta a gefe suka ɗan naɗe gwiwoyi, ko suka ɗaga ƙafafu a kan filo. Wannan ciwo na ganin likita ne, ba na shagon katifa ba.

Yaushe zan daina zargin katifa in tafi asibiti?

Wannan tambayar ta fi duk sauran nauyi, domin akwai masu sauya katifa bayan katifa alhali cuta ce ke cin su. A tafi asibiti a ranar, ba sai gobe ba, idan ciwon baya ya zo da kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko fitsarin ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyi da mazaunai ya mutu ba a jin taɓawa, ko ƙafafu suna rasa ƙarfi. Waɗannan alamun danne jijiyoyin ƙarshen baya ne, kuma jinkiri yana iya barin naƙasa ta dindindin.

A ga likita ba da daɗewa ba idan akwai zazzaɓi, gumin dare, rama ba dalili, tarihin ciwon daji, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa ko haɗari, ko ba ya lafawa ko yaya aka kwanta. Tarin fuka yana kama ƙashin baya. Ciwon ƙoda ma yakan fito a matsayin ciwon baya, galibi a gefe ɗaya. Akwai kuma wani nau'in amosanin ƙashin baya da ke fara wa mutum tun bai kai shekara 45 ba: yana tada shi a ƙarshen dare, baya ya sage fiye da minti 30 da safe, motsi ya sassauta shi, hutu ya tsananta shi. Saboda a gado yake tashi, katifa ake ɗora wa laifi, mutum ya yi shekaru ba a gano ba, alhali yana da magani. Ko babu ɗaya daga cikin waɗannan, ciwon da ya wuce mako 6 bai fara sauƙi ba ya cancanci a duba shi.

Shekara nawa katifa ke yi?

Yawanci ana cewa 7 zuwa 10. Lateks mai kyau takan wuce haka, soso marar nauyi ba ya kaiwa. Sandar awo da yadda kake tashi da safe sun fi ƙidayar shekaru faɗin gaskiya.

Idan ciwon ya motsa, in yi kwanciyata har ya wuce?

A'a. A da haka ake cewa, amma yanzu shawarar likitoci ita ce a ci gaba da motsi gwargwadon hali, domin doguwar kwanciya tana raunana tsoka tana jinkirta warkewa, komai kyan katifar. Tafiya a ƙasa, ɗumama wurin, da atisayen da likitan gashin ƙashi zai koya maka su ne kan gaba.

Tashi daga gadon ma yana da tsari. Kada ka yunƙura ka zauna kai tsaye daga rigingine. Naɗe gwiwoyi, ka mirgina gefe kafaɗa da ƙugu tare, ka sauke ƙafafu daga bakin gado, sannan ka tura jikinka sama da hannu. A sa'ar farko bayan tashi, lokacin da faifan baya yake cike da ruwa, ka guji dogon sunkuyo da ɗaga kaya mai nauyi. Idan dole ne ka ɗauki abu a ƙasa, ka durƙusa da gwiwa, ka jawo kayan kusa da jikinka kafin ka miƙe.